Za su sa mahaifinmu ya yi waƙar da bai taɓa yi ba

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu makaɗin kalangu ne a ƙasar Zamfara, ya yi wa manoma da direbobi da masu sarauta waƙa, kuma an san shi ƙwarai a yankinmu. Allah ya yi masa rasuwa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya bar mata biyu da mu 'ya'ya goma sha huɗu. Abin da ya rage mana na sana'arsa shi ne kalangunsa da akwati guda cike da kaset-kaset, wasu ma ba a taɓa sa su a rediyo ba.

Watan jiya wani yaro mai situdiyo a Kano ya turo wa yayanmu wata waƙa ta WhatsApp. Malam, muryar Baba ce sak, amma waƙar Baba bai taɓa yin ta ba. Ya ce da abin nan da ake kira AI ya haɗa, daga waƙoƙin Baba da mutane suka ɗora a YouTube. Yanzu ya ce mutanen wani ɗan takara za su ba mu naira miliyan biyar idan muka ba shi akwatin ya ƙara gyara muryar, muka kuma sa hannu cewa mun yarda a yi wa ɗan takarar waƙa da muryar Baba kafin zaɓe.

Yaya ya ce arziki ne ya biyo mu har gida, Baba ne ke ciyar da mu bayan ransa. Ban ga laifinsa ba, shi ke ɗauke da gidan, ga Inna na fama da ciwon suga, ga ƙannenmu mata biyu da za a aurar. Amma da aka kunna wa Inna waƙar, sai ta tashi ta shige ɗaki, ranar ko abinci ba ta ci ba. Ni kuwa, in faɗa maka gaskiya, na saurare ta ya fi sau ashirin, ina kuka ina sake kunnawa. Zuciyata ba ta kwanta da cinikin ba, amma na kasa faɗa wa Yaya dalili. Ya ce in ba ni da hujja in yi shiru. Cikin maza ni kaɗai ne ban sa hannu ba. Me zan yi?

Naka, ɗan makaɗi.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya haskaka makwancinsa, ya ba Inna lafiya.

Kada ka sa hannu. Na fara da wannan ne don kada ka yi ta lalube cikin dogon bayani kana neman inda na tsaya. Yayanka ya ce ka kawo hujja, kuma bai yi laifi ba da ya nema, domin mutumin da ke ciyar da gida irin naku ba a raba shi da miliyan biyar da "zuciyata ba ta kwanta ba" kawai. To bari mu nemo hujjar tare, ka kai masa.

Ka fara sanin abin da yaron ya yi. Ana tattara tsofaffin waƙoƙin mutum, a tace kiɗa da amshi, a ware muryarsa ita kaɗai, a ɗura wa kwamfuta har ta haddace kaurin muryar da zaƙinta da 'yar rawar da take yi in ya ja baiti. Daga nan wani mai rai ya shiga situdiyo ya rera abin da aka rubuta masa, sai na'urar ta cire muryarsa ta lulluɓe rerawar da ta mamacin. Kalmomin na wani ne, numfashin na wani ne, inda aka ja da inda aka tsaya duk na wani ne. Maƙogwaron kawai aka ara. Kamar a ɗauko babbar rigar Baba da hularsa a sa wa wani, a tsayar da shi a ƙofar gida da almuru, a ce wa masu wucewa ga wane ya dawo. Hausawa sun gama magana tun ba a san kwamfuta ba: kama da wane ba ta wane.

Abin ya fi nauyi a kan makaɗi irin mahaifinka, domin a ƙasar Hausa waƙa shaida ce. In makaɗi ya tsaya a bainar jama'a ya ce wane namijin noma ne, ko wane ba ya tsoron kyauta, mutuncinsa ya jingina a kan maganar. Shi ya sa har yau 'ya'ya da jikokin waɗanda Shata ya yi wa waƙa ke tinƙaho da ita, alhali tun 1999 ya bar duniya. Shi ya sa ba a ambaton Narambaɗa ba a tuna Sarkin Gobir na Isa ba. Abin da ya ba waƙoƙin nan daraja shi ne zaɓi: cikin mutane dubu, wannan ne mawaƙin ya ga dama ya wasa. Ka je ka zauna da tsofaffin 'yan amshin Baba, na tabbata za su lissafa maka waɗanda ya ƙi yi wa waƙa duk da an aiko masa da alheri, da waɗanda ya yi wa ya daina don ya ga sun sauya hali. Ikon cewa "wannan ba zan yi masa ba" yana cikin abubuwan da mutuwa ta karɓe daga hannunsa, kuma shi ne ake so ku sayar a madadinsa.

Ɗan takarar nan yana iya zama mutumin kirki. Mai yiwuwa ma da Baba na da rai da ya yi masa waƙar. Amma ku ba ku sani ba, shi ma bai sani ba, kuma babu wanda zai je ya tambayo. Dattijon da ya girma da waƙoƙin mahaifinku, in ya ji muryar tana tashi daga motar yaƙin neman zaɓe ranar kasuwa, abin da zai shiga zuciyarsa shi ne, makaɗin nan da ba ya wasa kowa ya shaidi wannan mutum. Amincewar wannan dattijo ake son saye. An sa shaida a bakin wanda ba zai iya tashi ya ce ban faɗa ba, kuma ka san sunan shaidar da aka ƙirƙira.

Sannan ka tambayi yayanka, ya taɓa jin waƙar siyasa da ta ƙare ba a yi wa abokin hamayya zambo ko habaici ba? To wa za a yi wa? A ƙaramar ƙasa irin taku kowa ɗan wani ne. Abokin takarar yana iya zama ɗan ubangidan da ya taɓa ba Baba doki, ko jikan wanda ya biya masa kujerar Makka. Ranar da aka ji muryar Baba tana muzanta gidan da ya ci arzikinsa, yaron situdiyo yana Kano, ɗan takara yana Gusau ko Abuja, ku ne za ku haɗu da mutanen a masallaci da wajen jana'iza. Ba zato nake yi ba, an riga an yi irin wannan. A watan Afrilun 2024, mawaƙin nan na Kanada, Drake, yana tsakiyar sa-in-sa da wani mawaƙin, Kendrick Lamar, ya fitar da waƙar zambo da muryar Tupac Shakur ta jabu, mawaƙin Amurka da aka kashe tun 1996. Magadan Tupac suka aika masa da takardar lauya, dole ya sauke ta. Su suna da lauyoyi da kuɗin shari'a, kuma ba su sa hannu a kan komai ba. Ku in kun sa hannu, da wane baki za ku yi ƙorafi? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ga wata tambaya da nake so ka yi wa Yaya a natse. Tunda yaron ya riga ya haɗa muryar ba da izininku ba, me ya sa ake son ba ku miliyan biyar? Abu biyu suke nema. Na farko akwatin, domin sautin YouTube ya sha kwafi ya dusashe, kaset na asali kuwa zai ba su murya mai tsabta da ba mai iya bambanta ta da ta gaskiya. Na biyu sa hannunku, don in wani ya ce wannan ƙarya ce, a ɗaga takarda a ce 'ya'yansa ne suka yarda. Kuma ka sani, muryar da aka gina fayil ne kawai a kwamfuta, ana kwafarsa kamar yadda ake tura hoto. Yau yana hannun yaro ɗaya, gobe yana hannun abokinsa, jibi an sayar wa ɗan takarar wata jam'iyya, ko mai tallar maganin ƙarfin maza, ko wani da zai sa muryar ta yi batsa don a yi dariya a TikTok. Miliyan biyar za a ci ta ƙare kafin damina biyu. Murya kuwa zarar bunu ce.

Za a ce maka ai sai a rubuta a jiki cewa na'ura ce ta haɗa, kowa ya sani. A takarda maganar tana da kyau. Amma ka san yadda waƙa ke yawo a wajenmu. Daga WhatsApp zuwa rumfar masu tura waƙoƙi a memori, daga nan zuwa sifikar mai shayi da rediyon direban tasha. Wanda ya fara yanke minti ɗaya ya tura wa abokinsa ya riga ya zubar da sanarwar. Mafi yawan masoyan mahaifinka da kunne suke karɓar waƙa, ba su ga rubutun ba, ba kuma za su gani ba. Bayan shekara ashirin ɗalibi zai zauna rubuta kundin digiri a kan Baba, ya tarar da waƙoƙi ɗari, talatin a ciki na jabu, ba mai iya tantance masa. A nan ne asarar ta fi yi mini ciwo, domin har na gaskiyar ma za a fara shakkarsu.

Ta fuskar addini, malamai sun daɗe suna saɓani a kan kiɗa da waƙa, kuma ba wannan ka tambaye ni ba. Amma babu saɓani a kan jingina wa mutum maganar da bai yi ba, ko ruɗin jama'a don a sami abin duniya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, ya kuma ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, wato alfarmar mutum ba ta ƙarewa a bakin kabari. Abu ɗaya nake so ka cire daga ranka, domin na san yana damun 'ya'ya irinka: ba za a kama Baba da waƙar da bai yi ba. Alƙur'ani ya faɗa a wuri fiye da ɗaya cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Nauyin yana kan masu rai da suka shirya, da waɗanda suka sa hannu. Ku kai maganar wajen malamin da gidanku ya amince da shi, amma ku bayyana masa yadda abin ke aiki dalla-dalla kamar yadda na bayyana maka, kada a ce masa kawai "za a gyara waƙoƙin Baba".

Akwai kalma ɗaya a wasiƙarka da ta tsaya mini a rai. Ka ce "cikin maza". To matan fa? Duk abin da zai shigo ta dalilin abin da Baba ya bari gado ne, kuma a gado matansa biyu suna da tumunin takaba, 'yan'uwanku mata kowace da rabonta. Wanda ke da rabo a dukiya yana da baki a kan sayar da ita. Dokar ƙasa ma haka ta tsaya: dokar haƙƙin mallakar fasaha ta Najeriya ta 2022 ta kare waƙar da mutum ya ƙirƙira har shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma haƙƙin yana komawa ga magada. Wato waƙoƙin Baba suna da sauran kusan shekara sittin a hannunku gaba ɗayanku, har da autar gidan da ba a gayyata zaman ba. Sai kuma 'yan amshi da makaɗan da suka bi shi gari-gari shekara da shekaru, waɗanda muryoyinsu da hannayensu ke cikin kowane kaset. Ko doka ba ta tilasta muku ba, kunya ta isa ta sa a tuna da su.

Ita kuwa Inna ta riga ta ba da amsarta. Matar da ta zauna da mutum shekaru masu yawa, ta yi jinyarsa, ta yi masa takaba, ta koya wa zuciyarta haƙuri, sai rana ɗaya aka ɗora mata waya a kunne ta ji shi yana sabuwar magana. Ruwa ba ya tsami banza. Iyayenmu mata ba kasafai suke musu da babban ɗa a gaban jama'a ba, musamman in an ce don maganinsu ake yi. Tashin da ta yi ta shige ɗaki magana ce. Ka shiga wajenta kai kaɗai bayan isha'i, ka tambaye ta abin da take so. Ka yi haka ga abokiyar zamanta ma, kada a ce an ji ta ɗaki ɗaya an bar ɗaya.

Kada ka ɗauka ina gaba da ƙirƙirarriyar basira ne, wato AI ɗin nan. Ita wannan fasahar da aka yi wa Baba ƙarya da ita tana iya yi masa hidimar da ba a taɓa yi masa ba. Ga misali daga Ingila. John Lennon na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ya rera wata waƙa a gidansa a ƙarshen shekarun 1970, ya ɗauka a kaset yana kaɗa fiyano, sannan aka harbe shi a New York a 1980. Matarsa ta miƙa wa abokan waƙarsa kaset ɗin a 1994, suka gwada suka kasa, domin ƙarar fiyano da ƙugin na'ura sun danne muryar. Sai da aka sami fasahar da ke iya ware murya daga hayaniya sannan suka ƙarasa ta, ta fito a watan Nuwamban 2023, har ta ci lambar yabo ta waƙa mai suna Grammy a 2025. Kowace kalma da aka ji daga bakin Lennon a waƙar nan shi ya furta ta yana da rai. Na'ura ƙura kawai ta share. Ma'aunin da zan ba ka ke nan, kuma mai sauƙi ne: duk sautin da za a fitar da sunan Baba, a tambaya, ya fito daga bakinsa ko bai fito ba? In ya fito, ku wanke shi, ku adana, ku yaɗa. In bai fito ba, ba nasa ba ne, ko da kunnen Inna ya kasa bambantawa.

Yanzu maganar kuɗi, domin ciwon suga ba ya jin wa'azi, kayan ɗaki kuma ba a saye su da hujja. Akwatin nan shi ne dukiyarku ta gaske, kuma yana lalacewa a hankali kuna zaune. Zafi da ƙura da laimar damina suna cin zaren kaset, wani ya manne, wani ya tsinke da an danna. Kada ku gwada su a tsohuwar rediyon gida, tana iya tauna zaren da babu irinsa a duniya. Ku ɓalle 'yan haƙoran nan na saman kowane kaset don kada wani ya yi ɗauka a kai bisa kuskure. Ku nemo wanda ya iya juya kaset zuwa kwamfuta, ya zo gida ya yi aikin a gabanku, akwatin kada ya kwana a waje ko dare ɗaya. Kwafin a ajiye shi wuri uku, hannun mutum uku. Kuma tun tsofaffin 'yan amshi na da rai, ku zaunar da su a kunna musu, ɗaya daga cikinku na rubutawa: wannan wa aka yi wa, a wane gari, a bikin wa, shekarar da aka yi wane abu. Wannan ilimin a kansu kawai yake, ranar da suka tafi ya tafi.

Daga nan ƙofofi za su buɗe. Waƙoƙin da ba a taɓa sa su a rediyo ba, akwai gidajen da aka yi dominsu. Ɗan manomin da Baba ya wasa shekara talatin da suka wuce, wanda yanzu ɗan kasuwa ne a Kano ko Legas, in ka kai masa muryar Baba tana kiran sunan mahaifinsa da kirarinsa, tsaf babu ƙugi, kai ma ka san ba zai bar ka ka tafi hannu rabbana ba. Ku buɗe tasha a YouTube da sunan iyali, ku riƙa sakin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya tare da tarihinsu, kuma a matsayinku na magada kuna da damar shigar da ƙorafi a kan masu cin kuɗi da waƙoƙinsa ba izini. Ku kai kwafi sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Jami'ar Bayero a Kano, inda malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka shafe shekaru suna taskace waƙoƙin makaɗan baka. Wannan zai zama shaida gobe a kan wace ce ta Baba, wace ce ba tasa ba. Ba zan ruɗe ka ba, kuɗin wannan hanya a hankali suke zuwa, ba za su kai miliyan biyar a wata ɗaya ba. Amma ba sa ƙarewa ranar zaɓe. Duk takardar da za a sa wa hannu, ko da mai juya kaset ne, lauya ya duba ta tukuna, kuma a rubuta ƙarara cewa ba a yarda a gina murya da sautin ba.

In kuwa ɗan takarar waƙa yake so daga gidanku, hanya a buɗe take, irin wadda aka saba. Kiɗa gado ne. Ɗanƙwairo kansa a gaban mahaifinsa da wansa ya koya kafin ya zama abin da ya zama. In cikinku akwai mai murya, ya ɗauki kalangun Baba, ya kira 'yan amshi, sanƙira ya yi shela ya ce ga ɗan wane, ya yi waƙar da bakinsa da sunansa. In ya yaba, shi ya yaba. In ya yi zambo, shi za a tara a hanya. Za a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma tsofaffin nan da aka manta da su za su sami na cefane.

Shi yaron situdiyo kada ku mai da shi abokin gaba. Yawancin irinsu ɗoki ne ke jansu, sun sami sabon abin aiki suna gwadawa, ba su tsaya sun yi tunanin uwar da za ta ji ba. Ku kira shi ku faɗa masa iyali ba su yarda ba, ku nemi ya goge abin da ya haɗa, a rubuce. Ba ku da hanyar tabbatar da ya goge, wani ma yana iya haɗa tasa gobe daga abin da ke intanet. Shi ya sa nake ba ku shawara ku riga su. Yaya, a matsayinsa na babba, ya ɗauki ɗan gajeren saƙo na murya ko bidiyo, ya ce mahaifinmu ya rasu shekara kaza, waƙoƙinsa su ne waɗanda ya yi kafin nan, duk sabuwar da aka ji da muryarsa ba tasa ba ce kuma ba da yawunmu ba. A tura wa gidajen rediyon jiha da ƙungiyar makaɗa da zaurukan garinku.

Yadda za ka tunkari Yaya yana da muhimmanci kamar hujjar kanta. Kada ka yi masa a gaban ƙanne, kada kuma ka bari maganar ta yi kama da kai ne mai kishin Baba shi ne mai son kuɗi. Ba haka ba ne. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a inda mahaifinku ya bari, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. Ka fara da yi masa godiya a kan wannan. Ka tafi da baffanku in yana da rai, ko babban ɗan amshin Baba, wanda Yaya ke jin nauyinsa. Kuma kada ka je da "a'a" tsirara. Ka ce daga wannan wata kuɗin maganin Inna kashi kaza a wuyana, aikin kaset ni zan tsaya a kai, auren yara a kira taron dangi a raba nauyin. Wanda ya hana a karɓi kuɗi dole ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin kayan. In duk da haka suka ce sai sun yi, kai dai kada ka sa hannu, kada ka karɓi kaso, kada kuma ka yanke zumunci ko ka kai ɗan'uwanka dandalin sada zumunta. Ka faɗa sau ɗaya a gaban manya cewa ba ka ciki, ka ci gaba da gaishe shi kamar kullum.

Saura kukan da ka yi. Kada ka ji kunyarsa, kuma kada ka zargi kanka don ka sake kunnawa sau ashirin. Wanda ya rasa uba, ko tarin wani ya ji mai kama da nasa sai ya waiwaya. Amma ina roƙonka ka goge ta daga wayarka. Kunne yana sabo, kuma ina ji maka tsoron ranar da za ka nemi muryar Baba a zuciyarka, ta jabun ta riga ta gaskiyar zuwa. Kana da abin da ya fi ta a cikin akwati. A irin kaset ɗin da ake ɗauka a wajen biki, ba waƙa kaɗai ke ciki ba. Za ka ji ya yi gyaran murya, ya tsawata wa mai kalangu don ya yi sauri, ya yi dariya an yi masa liƙi, ya gaida wani da ya shigo fili. Ranar da aka juya na farko, ka fara saurara kai kaɗai. In ka ga Inna za ta iya, ka tambaye ta ko tana so, kada ka kunna mata ba zato kamar yadda aka yi wancan karon. In ta ce ba yanzu ba, ka ajiye mata. Ka kuma rubuto mini bayan kun zauna da Yaya, ina so in ji yadda kuka rabu.